Maƙabartar Brookwood: Wa ke ɗaukar nauyin kabari bayan kamfani ya gaza?

A tsakiyar ƙarni na 19, maƙabartun coci-coci da ke cikin birnin Landan sun cika maƙil, har ta kai ana tono tsofaffin kaburbura domin a samar wa sababbin gawarwaki wuri. Annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ta ƙara dagula lamarin, hukuma ta ga babu makawa sai an fitar da binne matattu wajen gari.

A 1852 Majalisar Dokokin Birtaniya ta amince a kafa kamfanin London Necropolis, wanda ya sayi fili mai faɗin gaske kusa da garin Woking, kimanin kilomita 37 kudu maso yammacin Landan. A nan aka buɗe maƙabartar Brookwood a watan Nuwamba 1854. Saboda nisa, kamfanin ya tanadi jirgin ƙasa na musamman da ke kwasar gawarwaki da masu rakiya daga kusa da tashar Waterloo, kuma har akwatin gawa na da tikiti mai daraja ta ɗaya, ta biyu ko ta uku. Jirgin ya yi aiki har 1941, lokacin da bom ɗin Jamus ya rusa tasharsa.

Tun cikin shekarun 1880 aka keɓe wa Musulmi sashe. A nan aka binne Marmaduke Pickthall da Abdullahi Yusuf Ali, waɗanda suka fassara Alƙur'ani zuwa Ingilishi.

Sai dai lissafin kamfanin bai fita ba. An buɗe wasu maƙabartu kusa da Landan, ƙona gawa ya yaɗu, ciniki ya ja baya. Kuɗin kabari sau ɗaya ake biya, amma shara da gyara ba su da ranar ƙarewa. Aka riƙa yankar fili ana sayarwa, maƙabartar na sauya hannu, ciyayi na cinye wasu sassanta. Ramadan Güney, Baturke ɗan asalin Cyprus, ya saye ta a 1985. Bayan rasuwarsa a 2006 aka shiga shari'ar gado.

A 2014 Ƙaramar Hukumar Woking ta sayi maƙabartar, ta shiga gyara. Amma a watan Yuni 2023 hukumar ta shelanta cewa ba za ta iya cike giɓin kasafinta ba, sakamakon bashin da ya haura fam biliyan 1. Yanzu kula da kaburbura sama da 200,000 ya rataya ne a wuyan hukumar da ke neman kuɗin gudanar da ayyukanta na yau da kullum.