Kiwon Tarwada A Maisandari: Riba Da Asara Duk Suna Wajen Ciyarwa

Tun da Tafkin Chadi ya soma janyewa bayan farin 1973, daga bisani kuma rikicin Boko Haram ya dagula fataucin kifi daga Baga, kifi ya yi tsada a Maiduguri. Wannan ya sa waɗansu magidanta a unguwanni irin su Maisandari suka shiga gina kwamin siminti a gidajensu suna kiwon tarwada.

To, amma tarwada mafarauciya ce. A kogi takan laluɓi abincinta da gashin bakinta, a kwami kuwa sai abin da mai ita ya ba ta. In aka bar ta da yunwa, babba kan haɗiye ƙarama, mai kiwo ya wayi gari kifinsa ya ragu, alhali bai ga mushe ko ɗaya ba. Saboda haka wajibi ne a riƙa ware manya daga ƙanana.

In kuma abinci ya yi yawa, ragowar kan ruɓe ta ɓata ruwa, musamman a zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, kifi ya yi ta mutuwa. Ma'aunin da masana suka bayar shi ne kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin kifin kowace rana, a raba safe da yamma, a watsa kaɗan-kaɗan, a dakata da zarar rububi ya lafa.

Abinci ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Wanda ya kiyaye ma'aunin, tarwadarsa kan kai kilo guda cikin kamar wata shida.