Idan Sankarar Mama ta Kai Hanta, Wane Magani Ya Rage?

A Unguwar Ya da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, idan idon mace ya yi rawaya, ciki ya kumbura, abinci ya fita ranta, hukuncin mutane ɗaya ne: shawara ce. Nan da nan sai a hau jiƙa sassaƙe. To amma idan matar ta taɓa fama da ƙullutu a mama, ko an taɓa cire mata shi a asibiti, ta yiwu sankarar ce ta bi jini ta sauka a hanta. Hanta na cikin wuraren da cutar ta fi zuwa, tare da ƙashi da huhu da ƙwaƙwalwa. Kuma sassaƙen nan, hantar da ta riga ta gaji ce za ta tace shi.

Tsiron da ya fito a hanta ɗan mama ne, baƙunta ya je. Saboda haka maganin sankarar mama ake ba shi, mai zagaya jiki duka. A wannan mataki, wanda ake kira na huɗu, likitoci ba sa alkawarin warkewa. Danne cutar suke yi da rage raɗaɗi, kuma da yardar Allah akwai matan da ke yin shekaru a haka suna hidimar gidajensu.

Wane magani ne zai yi, gwajin tsokar tsiron ne ke faɗa. Nan aka fi yin sakaci, domin dangi kan ga kuɗin gwaji kamar ɓarna ne, alhali shi ne ke hana ɓarnar. Idan gwaji ya nuna sinadarin mata na estrogen ne ke ciyar da tsiron, ana toshe masa hanya da tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum, mai sauƙin kuɗi. Wadda ta daina al'ada ana iya ba ta letrozole ko anastrozole. Mai sauran ƙuruciya kan buƙaci allurar da ke dakatar da aikin ƙwan mahaifa. Akwai kuma palbociclib, da Amurka ta amince da shi a 2015, wanda ake haɗawa da waɗannan, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi.

Idan tsiron mai sinadarin HER2 ne, maganinsa trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a 1998, ana haɗa shi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Shi ma da tsada, kuma sai ana duba zuciya lokaci-lokaci. Wanda gwaji bai nuna ko ɗaya a cikinsa ba, irin da ya yawaita tsakanin matan Afirka ta Yamma, kemo ne babban makaminsa: paclitaxel ta ƙarin ruwa, ko capecitabine da ake haɗiya a gida. Haka nan idan hanta ta fara gazawa ana buƙatar aiki da sauri, likita kan fara da kemo, ya daidaita yawansa da ƙarfin hantar. Kafin a fara, a nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, don kemo na iya tayar da shi daga barci.

Tiyatar hanta ko ƙone tsiron da allura, wannan sai ga 'yan kaɗan, waɗanda tsironsu bai yi yawa ba kuma bai bazu wani wuri ba. Zuƙe ruwan ciki da ba da morfin don rage raɗaɗi kuwa haƙƙin mara lafiya ne, ba alamar an sallama ta ba ne.

Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya a shekarar. Ga mutanen yankin Birnin Kudu da Gwaram, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ce ƙofar farko, inda za a yi hoton ciki da gwajin jini. Daga nan akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara shi, don haka a tambaya.

Maigida da 'yan uwa, kafin ku sayar da akuya ko buhun gero, ku tambayi likita: wane iri ne tsiron, kuma me gwajin tsoka ya nuna? Ku riƙe takardar sakamakon da kyau, ku tafi da ita duk asibitin da aka tura ku.