Turmin Shekara Shida da Yadda Ake Jinyarsa

Haƙorin dindindin na farko da ke fito wa yaro shi ne turmin da ke tsirowa can ƙuryar baki wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya famfare ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye da dama a Kagoro da Kafanchan ke ɗaukarsa na nono ne, su ƙyale shi da kogo suna jiran ya faɗi. Ɓawonsa, wato farin rufin nan mai tauri, yana ginuwa ne tun daga haihuwa zuwa kimanin shekara 3, saboda haka rashin lafiya a wannan tsakani kan sa ya fito da tabo ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, yana marmashewa, yaron kuma ya riƙa ƙin ruwan randa da hunturu. Wannan ya bambanta da dabbaren da yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha ke jawowa, irin wanda aka sani a Langtang, domin shi yakan game haƙora ne kusan duka.

Matuƙar ɓarnar ba ta yi zurfi ba, likita yakan shafa fulorayid ko ya toshe ramukan saman turmin, idan kuwa kogo ya buɗe sai a kankare ruɓar da kayan hannu a cike da wani siminti na musamman, dabarar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, wadda ba ta buƙatar wutar lantarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan siminti cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Turmin da ya marmashe sosai ana kifa masa hular ƙarfe.

Cirewa ita ce inda gaggawa ta fi yin illa, domin idan haƙorin ba zai cetu ba, likitoci sun fi son a cire shi tsakanin shekara 8 da 10, bayan an ɗauki hoton muƙamuƙi, ta yadda turmi na biyu da ke fitowa wajen shekara 12 zai matso ya cike gurbin. Kanumfari yana lafar da zafi na ɗan lokaci amma ba ya tsayar da ruɓa, kuma kumburin kunci tare da zazzaɓi alama ce ta mugunya, wadda ke buƙatar a garzaya da yaron babban asibitin Kafanchan ko na koyarwa da ke Jos a ranar.