Kwanson Harsashi Ma Yana Ƙara Tsawo

A Amurka, maharbi da ya gama harbi ba lallai ne ya bar kwanson harsashinsa a ƙasa ba. Da yawa sukan tsince su, su wanke, su sake ɗura musu albarushi a gida, domin doka ta yarda mutum ya yi wa kansa hakan. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana, don haka wannan bayani na ƙaruwar sani ne kawai.

Kwanson tagulla ne, jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30. Idan aka harba, sai ya kumbura ya cika ɗakinsa a cikin bindiga. Kafin a sake amfani da shi dole a matse shi ya koma siffarsa ta farko, kuma tagullar da aka matse ba ta da wurin zuwa sai gaba, wajen baki. Haka kwanso ke ƙara tsawo kaɗan-kaɗan. Idan ya wuce ƙa'ida, bakinsa kan cushe a maƙogwaron bindiga ya damƙe harsashin, ƙarfin fashewa ya hau fiye da yadda aka tsara. A nan ake lalata bindiga, wani lokaci har da hannu ko ido.

Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da ma'aunin da masana'antun Amurka ke bi. Kwanson .308 Winchester ba ya wuce inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005. Na .223 Remington iyakarsa 1.760, ana mayar da shi 1.750. Tazarar ba ta fi kaurin takarda biyu ko uku ba, ido ba zai gane ta ba. Shi ya sa a ganina wanda ya sayi na'urar datsa bai mallaki ma'auni mai kyau ba, ya fara daga ƙarshe.

Wajen zaɓen na'urar datsa, tambaya ta farko ita ce wane irin kwanso ake da shi. Na doguwar bindiga, mai wuya da kafaɗa, shi ne mai saurin tsawo. Na ƙaramar bindiga irin 9mm da .45 ACP miƙaƙƙe ne, da wuya ya buƙaci datsa. Masu .357 Magnum dai sukan daidaita nasu don bakin ya kama harsashi daidai wa daida.

Sai tambayar yawa, kuma nan ne kuɗi ke shiga. Mai farautar barewa da ke harba 'yan kaɗan a shekara, na'urar kamfanin Lee ta ishe shi: 'yar sanda ce mai tsawon da aka riga aka ƙayyade, da wuƙa a gindinta, tana kaiwa iyaka yankan ya tsaya. Ba tsada, ba saiti, sai dai kowane nau'in harsashi da tasa sandar. Na RCBS da Lyman da Forster ana kafe su a tebur ana juyawa da hannu, a saita tsawon yadda ake so. Suna karɓar nau'i da yawa, amma wanda ya zauna da kwanso ɗari biyar zai ji a yatsunsa. Masu gasar harbin nesa sun fi yabon ta L.E. Wilson, saboda tana riƙe gangar jikin kwanson, baki ya fita a miƙe ba karkata.

Mai dubbai kuwa sai ta lantarki irin Giraud. Ana tura kwanso kamar ana fiƙe fensir, cikin daƙiƙa kaɗan ta yanke, ta kuma goge kaifin ciki da waje. Tana aunawa ne daga kafaɗa, don haka sai an matse kwanson tukuna, in ba haka ba tsawon ya sha bamban. Sauran na'urorin kan bar ƙaiƙayin ƙarfe a baki, wanda sai an bi shi da wata 'yar wuƙa an kankare.

Tagullar da ake yankewa daga jikin kwanson take tahowa, musamman kusa da gindi, inda yake ta sirancewa. Saboda haka masu wannan harka kan jefar da kwanso bayan datsa huɗu ko biyar, ko da zarar sun ga wani siririn zobe mai haske ya bayyana saman gindin, alamar ya kusa rabewa biyu.