BABI NA UKU: ZAƁE KAFIN WA'ADI DA MUHAWARAR SHUGABANNIN JAM'IYYU A TALABIJIN A ƘASAR BIRTANIYA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar muhawara da ire-irenta. A wannan babi kuwa za a duba yadda muhawarar siyasa take kasancewa idan ta shiga akwatin talabijin, kuma an ɗauki zaɓen da aka yi a ƙasar Birtaniya a shekarar 2017 a matsayin misali. Dalilin ɗaukar wannan zaɓe shi ne gardama iri biyu ta taso a cikinsa lokaci guda: ta farko a kan kiran zaɓe tun wa'adi bai cika ba, ta biyu kuma a kan ƙin fitowar Firayim Minista ta yi gaba da gaba da abokan hamayyarta. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa waɗannan gardandami biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin lissafin da yake sa shugaba ya kira zaɓe da wuri shi ne yake sa ya guji muhawara.

3.1 Kiran Zaɓe Kafin Wa'adi

A Nijeriya tsarin mulki ya yanke wa shugaban ƙasa da majalisa shekara huɗu, kuma shugaba ba shi da ikon rusa majalisa don kawai ya ga lokaci ya yi masa daɗi. A Birtaniya ba haka abin yake ba. Can ba a zaɓen Firayim Minista kai tsaye. An kasa ƙasar zuwa mazaɓu 650, kowace ta aika wakili ɗaya majalisa, sannan shugaban jam'iyyar da ta sami rinjaye, wato kujeru 326 ko fiye, shi ne zai kafa gwamnati. Wa'adin majalisa shekara biyar ne, amma bisa al'ada Firayim Minista yana iya neman Sarki ko Sarauniya su rusa ta a duk lokacin da ya so. Don a rage wannan dama ne gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron da Nick Clegg ta kafa doka a 2011, wadda ta ce ba za a yi zaɓe kafin wa'adi ba sai kashi biyu cikin uku na majalisa, wato wakilai 434, sun amince, ko kuwa an kaɗa wa gwamnati ƙuri'ar rashin amincewa.

Theresa May ta zama Firayim Minista a watan Yuli na 2016, bayan Cameron ya sauka saboda ƙuri'ar raba-gardamar da ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Ta sha nanatawa cewa babu zaɓe sai 2020. Kwatsam ranar 18 ga Afrilu, 2017 sai ta ba da sanarwar cewa za a yi zaɓe ranar 8 ga Yuni. Kashegari majalisa ta amince da ƙuri'a 522, masu ƙi 13 kacal.

Magoya bayanta sun kafa hujja da cewa ita ba jama'a ne suka ɗora ta ba, gadon kujerar ta yi, ga shi rinjayen jam'iyyarta ta Conservative a majalisa bai taka kara ya karya ba, alhali tana shirin shiga ciniki mai wuya da Tarayyar Turai. Masu suka kuwa cewa suka yi ta saɓa alkawari ne domin ƙuri'un jin ra'ayin jama'a sun nuna ta ba jam'iyyar Leba ratar kusan kashi 20 cikin ɗari. Wasu kuma gajiya suka nuna, don an yi zaɓe a 2015, an yi raba-gardama a 2016. Abin lura a nan shi ne ita kanta jam'iyyar Leba, wadda ake hasashen za ta sha kaye, ta goyi bayan zaɓen, saboda jam'iyyar adawar da ta ƙi zaɓe tamkar ta yi shelar cewa tsoron jama'a take yi. Ke nan shingen da dokar 2011 ta gitta bai tare komai ba.

3.2 Muhawara a Talabijin

Duk da cewa Amurka ta fara irin wannan muhawara tun 1960 tsakanin Kennedy da Nixon, Birtaniya ba ta yi tata ba sai 2010, lokacin da Gordon Brown da Cameron da Clegg suka kara sau uku. Fiye da mutum miliyan tara ne suka kalli ta farko, kuma Clegg, wanda shi ne ƙarami a cikinsu, shi ya fi haskawa. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka daga nan shi ne, dandamalin muhawara yana daidaita kafaɗar babba da ta ƙarami, don haka wanda yake gaba shi ne mai abin asara. Wajibi ne kuma a san cewa babu dokar da ta tilasta wa kowa fitowa. Sai dai a ƙasar an haramta sayen tallar siyasa a rediyo da talabijin, saboda haka muhawara tana cikin 'yan hanyoyin da jama'a suke ganin shugabanni suna amsa wa juna ba tare da takarda a hannu ba.

Tun ranar farko ofishin May ya bayyana cewa ba za ta shiga muhawara ba. Hujjarta ita ce ta fi son zagayawa ta sadu da masu zaɓe, kuma ai kowace Laraba tana fafatawa da Jeremy Corbyn, shugaban Leba, a zauren majalisa. Masu kare ta sun ƙara da wata hujja wadda ta fi wannan nauyi, cewa muhawarar shugabanni aro ce daga tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, kuma tana mayar da zaɓen wakilai 650 ya koma gasar mutum biyu.

Gidajen talabijin ba su fasa ba. Ranar 18 ga Mayu gidan ITV ya yi tasa da shugabannin ƙananan jam'iyyu biyar, babu May babu Corbyn. Ranar 29 ga Mayu su biyun sun bayyana a shiri ɗaya, amma kowa aka yi masa tambayoyi shi kaɗai. Inda abin ya cakuɗe shi ne muhawarar BBC ta ranar 31 ga Mayu a Kambirij. Corbyn ya bari sai a ranar sannan ya ce zai halarta, ita kuwa May ta tura ministar harkokin cikin gida, Amber Rudd, ta wakilce ta. Sauran mahalarta suka yi ta tambayar ina shugabar gwamnati take, har rashin zuwanta ya zama shi ne babban labari kashegari.

A ganin mai wannan bincike, hujjar cewa tsarin ƙasar ba na shugaban ƙasa ba ne hujja ce mai kyau, amma ba a bakin May ba. Ita ce ta gina yaƙin neman zaɓen a kan sunanta, har sunanta ya fi na jam'iyya girma a jikin motar yawon kamfen, kuma takenta shi ne shugabanci mai ƙarfi. Wanda ya ce a zaɓe shi don ƙarfinsa, sannan ya ƙi shiga fage, shi da kansa ya ba abokan hamayya sandar dukansa.

Da aka ƙidaya ƙuri'u, Conservative ta sami kujeru 317, Leba 262. Wato garin neman ƙiba an samo rama, domin ɗan rinjayen da take da shi ma ya suɓuce, dole ta jingina da wakilai goma na jam'iyyar DUP ta Arewacin Ailan. To amma kuskure ne a ɗora wannan duka a kan muhawara. Akwai manufar biyan kuɗin kula da tsofaffi wadda ta fusata magoya bayanta har ta janye jiki daga gare ta cikin 'yan kwanaki, akwai kuma hare-haren Manchesta da Landan da suka tayar da maganar rage yawan 'yan sanda a zamanin da take ministar cikin gida. Haka kuma shi Clegg da ya yi fice a 2010, jam'iyyarsa kujeru 57 ta samu, ƙasa da 62 na zaɓen 2005. Abin da za a iya cewa shi ne ƙin fitowar ya tabbatar wa mutane zargin da suka riga suka fara yi mata.

Waɗanda suka biyo bayanta ba su maimaita ba. A 2019 Boris Johnson ya nemi kashi biyu cikin uku har sau uku bai samu ba, sai ya kewaye dokar da wata 'yar gajeriyar doka, aka yi zaɓe ranar 12 ga Disamba. Ya yarda ya kara da Corbyn su biyu, abin da ya sa jam'iyyun Liberal Democrat da SNP suka kai ITV kotu don an ware su, amma ba su yi nasara ba. A 2022 aka soke dokar 2011 baki ɗaya, ikon neman rusa majalisa ya koma hannun Firayim Minista. A zaɓen 2024 kuwa, Rishi Sunak, wanda yake kan mulki amma yana baya a ƙuri'un jin ra'ayi, shi ne ya riƙa neman a yi muhawara kowane mako, Keir Starmer da yake gaba ya tsaya a kan karawa biyu.