Mutuwar Kifi A Gezawa: A Gano Cutar Kafin A Sayi Magani

A ƙasar Gezawa, inda gonaki suka matsu da juna har magidanci ba ya samun fegi guda na ƙari, kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol ya zama wata hanyar neman abinci. Amma sana'a ce mai cin jari, domin galibin kuɗin a abincin kifin yake tafiya, kuma mutum yana iya yin wata huɗu yana ciyarwa, sa'an nan ya wayi gari ya tarar kifinsa ya taso saman ruwa ciki a sama.

Abin da akasarin masu kiwo kan yi a wannan hali shi ne su garzaya kanti su sayo maganin kaji, su zuba cikin ruwa tare da gishiri. Wannan kuwa harbi ne cikin duhu. Masana sun nuna cewa yadda mutuwar ta zo shi ne shaida ta farko. Idan kifi manya da ƙanana suka mutu dare ɗaya, bayan an gan su da asuba suna haƙi a saman ruwa, to da wuya a ce cuta ce. Yawanci iskar shaƙa ce ta ƙare, ko kashi da ragowar abinci suka ɓata ruwan, ko guba ta shiga. Batun guba ba abin rainawa ba ne ga masu ɗibar ruwa daga kogin Jakara da madatsar Wasai, tun da yake ruwan yana ɗauke da dattin birnin Kano da na masana'antun Bompai.

Cuta mai yaɗuwa ita ba ta gaggawa haka. Yau biyar, gobe goma, jibi ashirin. Kifin ya daina cin abinci, ya ware gefe, jikinsa ya yi gyambo ko jan tabo, gashin bakinsa ya guntule, cikinsa ya kumbura da ruwa. Ƙwayar bakteriya da ake kira Aeromonas takan jawo irin wannan, musamman da hunturu lokacin da sanyi ya raunana kifi, ko kuwa in an cunkusa su. Sai dai cututtuka da dama alamunsu iri ɗaya ne, saboda haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Abin da ya auku a Gana ya isa misali. A ƙarshen 2018 aka fara asarar karfasa mai yawa a tafkin Bolta. Da aka yi gwajin PCR, wato binciken da ke gano asalin ƙwayar cuta, sai aka tabbatar da wani bairas mai kumbura saifa da ƙoda, wanda maganin bakteriya ba ya yi masa kome.

Kifin da ya kamata a kai wa likitan dabbobi shi ne mai ciwo wanda bai mutu ba tukuna, domin mushen kifi nan da nan yake ruɓewa a zafin Kano, wasu ƙwayoyin su rufe ta ainihin. In tafiyar da nisa, a sa shi cikin ƙanƙara amma kada a daskarar, a haɗa da ruwan tankin a kwalba dabam. Can za a duba fata da wurin numfashi da madubin likita, a ɗibi samfur daga ƙoda a rene shi, kana a gwada maganin da ƙwayar ke ji. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda aka kafa a 1924, suna da ɗakunan gwaji irin wannan.

Sakamako yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Kafin ya fito, sai a rage abinci, a riƙa sauya ruwa, a binne matattun, kuma kada a tsoma ragar tankin da ya kamu cikin wani tanki.