FASHIN BAƘI: Kuɗin jinkiri, da yadda jiragen siminti suka toshe tashar Legas a 1975

A watan Yulin 1975, jiragen ruwa fiye da 400 ne suka yi cirko-cirko a tekun Legas suna jiran layin sauke kaya, kuma kimanin 260 daga cikinsu siminti suka ɗauko. Kowace rana da ta fito ta faɗi, Najeriya na cin bashin dubban daloli a kan kowane jirgi, ko da kuwa ba a sauke buhu ɗaya ba. Shekaru sun shuɗe, amma ƙa'idar da ta jawo wannan asara tana nan daram, kuma har yau tana shiga farashin man fetur da burodi.

Yadda ake hayar jirgin dakon kaya

Kayan da duniya ke dakonsu ta teku iri biyu ne a dunƙule. Akwai na kwantena, waɗanda jirgi ɗaya ke kwasowa daga 'yan kasuwa masu yawa. Akwai kuma kaya masu nauyi irin su alkama, taki, kwal, siminti da ɗanyen mai, waɗanda galibi ake ɗaukar hayar jirgi sukutum domin su. Manyan tankokin ɗanyen mai na ɗaukar ganga kusan miliyan 2 a tafiya ɗaya, matsakaita kuma kusan miliyan 1.

Mai jirgi lokaci yake sayarwa. Saboda haka yarjejeniyar haya kan ƙayyade adadin kwanakin da za a yi lodi da na saukewa. Idan kwanakin suka cika jirgi bai samu wurin tsayawa ba, ko ba a gama sauke kaya ba, sai a fara lissafin kuɗin jinkiri, kullum-kullum, har ranar da aka sallame shi. Mai jirgi ba ruwansa da cunkoson tasha ko sakacin jami'ai. Wanda ya amince da sharaɗin a takarda shi ke biya.

Abin da ya faru a 1975

Bayan tashin farashin mai na 1973, kuɗi sun kwararo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon, aka shiga shirin gina barikoki, hanyoyi da gidaje. Ma'aikatar Tsaro ce ta ba da mafi yawan kwangilolin siminti. Bayanan da suka fito a wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 1981 sun nuna cewa Najeriya ta ƙulla kwangiloli 109 da kamfanoni 68, na siminti fiye da tan miliyan 16, a kan kuɗi kusan dala biliyan 1. Tashar Legas kuwa ba ta da ƙarfin sauke ko da rabin wannan a shekara.

Jami'ai sun yi zaton kaɗan daga cikin kamfanonin ne za su iya cika alkawari, kamar yadda aka saba gani a baya. Lissafin ya ƙi ci, domin Babban Bankin Najeriya ya bayar da takardun lamuni waɗanda ba a janyewa, kuma kwangilolin sun tanadi kuɗin jinkiri na dala 3,500 zuwa 4,100 a rana ga kowane jirgi. Da masu jirage suka fahimci haka, har tsofaffin jirage aka turo, domin zaman jira ya zama sana'a mai riba. Siminti ya daskare a cikin wasu jiragen saboda laimar teku, abinci da sauran kayan buƙata kuma suka maƙale a bayan layi.

Gwamnatin Janar Murtala Mohammed, wadda ta karɓi mulki a ranar 29 ga Yuli, 1975, ta hana ƙarin jirage tasowa ba tare da izini ba, ta kafa kwamitin bincike, sannan aka dakatar da biyan wasu kuɗaɗen. Daga nan sai shari'a ta ɓarke a ƙasashen waje. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, a ƙarar da kamfanin Trendtex ya shigar, ta yanke cewa Babban Bankin Najeriya ba zai fake da rigar kariyar ƙasa ba a harkar kasuwanci. Hukuncin ya zama abin koyarwa ga ɗaliban shari'a a duniya. A cikin gida kuwa, cunkoson ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

Inda matsalar take a yau

Najeriya ta shafe shekaru da dama tana shigo da kusan duk man fetur ɗin da take sha. Manyan tankoki ba sa iya shiga tashoshi marasa zurfi, don haka sukan tsaya a tsakiyar teku, ƙananan jirage su riƙa kwasowa zuwa gaɓa. Kuɗin wannan kwasa da kuɗin jinkiri sun kasance cikin lissafin tallafin mai da gwamnati ta riƙa biya a da. A 2012 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Farouk Lawan ya ba da rahoton cewa an biya tallafi a kan man da ba a kawo ba. Shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci dangane da binciken. Tun da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, irin waɗannan kuɗaɗe na sauka kai-tsaye a kan mai saye a gidan mai.

Haka abin yake ga alkama. Mafi yawan wadda ake niƙawa a ƙasar ta teku take zuwa, kuma duk kwanan da jirgi ya ƙara a Apapa yana bin buhun fulawa har gidan burodi a Kano ko Maiduguri.

Kuɗin dakon ma galibi waje yake tafiya. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, wanda aka kafa a 1959, an rushe shi a 1995. Ɗanyen man Najeriya kuma akan sayar da shi ne a bakin tasha, kamar Bonny da Forcados, mai saye ya zo da jirgin da ya zaɓa. Dokar 2003 da ta keɓe jigilar cikin ruwan Najeriya ga 'yan ƙasa ba ta shafi dakon kaya zuwa ƙetare ba.

An samu sauyi ta fuskar kayan aiki. Tashar Lekki da aka ƙaddamar a Janairun 2023 tana da zurfin mita 16.5, matatar Dangote kuma tana da wuraren ɗaure tankoki a cikin teku inda ake tura mai ta bututu. Sai dai a 1975 abin da ya fi ƙarancin tasha illa shi ne sa hannu a takardu ba tare da wani ya lissafa kwanakin saukewa ba. Don haka duk lokacin da gwamnati ta sanar da kwangilar shigo da taki, hatsi ko mai, tambayoyin da suka kamaci 'yan majalisa da masu sa ido su ne: kwana nawa aka bai wa jirgi, nawa ne kuɗin jinkiri a rana, kuma wa zai biya idan wa'adi ya wuce.